Yadda Darak Ta Koma Kamaru Ba Tare da Ta Motsa Ba

Doron Liman, Doron Malam, Ramin Dorina, Fagge, Naira, Sokotoram. Ka tsaya ranar kasuwa a Kelle, ko a tashar motar Gure a nan Nijar, ka jero waɗannan sunaye ka tambaya a wace ƙasa suke, amsa ɗaya za ka samu: Najeriya. Wanda ya faɗi haka kafin watan Disamba na 2003 kuwa bai yi kuskure ba, domin tutar Najeriya ce ke kaɗawa a can, ƴan sandanta ne ke kama ɓarawo, ƙaramar hukumar Ngala ta jihar Borno ce ke karɓar haraji, naira kuma ake ƙirgawa a kan kwalin banda. Sunayen suna cikin jerin ƙauyuka 33 na Tafkin Chadi da Najeriya ta shaida wa Kotun Duniya cewa nata ne, Darak ce babbarsu. Kafin shekarar ta fita an sauke tutar an ɗaga ta Kamaru. Ba a yi yaƙi ba, ba a ɗauke bukka ko ɗaya daga inda take ba. Ta yaya ƙasa mai sojoji a wuri, mai mutane a wuri, wadda ta gina makaranta da ɗakin shan magani, ta rasa shi ga ƙasar da kusan ba ta da komai a can?

Bayanin da aka fi ji a majalisun hira shi ne sayarwa aka yi. Wasu su ce Gowon ne ya ba da kyauta don Ahidjo na Kamaru ya taimake shi a yaƙin Biyafara, wasu su ce Obasanjo ne, wasu kuma su nuna cewa shugaban kotun a lokacin, Gilbert Guillaume, Bafaranshe ne, kuma kowa ya san inda zuciyar Faransa take. Amma in aka ɗora waɗannan a kan kwanakin, ba sa zama. Takardar da Gowon da Ahidjo suka sa wa hannu a Marwa a 1975 maganar iyakar teku take yi, can kudu, ba ta taɓa tafkin ba. Ƙarar kuma a 1994 aka shigar da ita, zamanin Abacha, shekara biyar kafin Obasanjo ya dawo mulki. Shi kuwa Bafaranshen ƙuri'a ɗaya gare shi. A kan iyakar tafkin alƙalai 14 suka tafi gefe guda, biyu suka saɓa: Abdul Koroma na Saliyo da Bola Ajibola, wanda Najeriya da kanta ta zaɓa ya zauna a shari'ar. Saboda haka dole a nemi amsar a wani wuri.

Abin da ya fara buɗe ƙofa shi ne tambayar da ba a cika yi ba: yaushe aka kafa ƙauyukan? Nemi su a taswirar farkon shekarun 1960, yawancinsu ba za ka gan su ba. Ruwa ne a wurin. A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, Ngigmi tana bakin ruwa. Sai farin 1973 ya zo, tafkin ya rabu biyu, kwarin arewa da na kudu, tudu ya fito tsakaninsu. Farin 1984 ya ƙarasa abin da ya rage, har ruwan fili ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na da. Dattawan Kutus da Muniyo ba sa buƙatar a ba su labarin waɗannan shekaru. Su ne shekarun da garke ya ƙare, rumbu ya zama fanko, musamman ta biyun da mutanen Nijar suka sa wa suna El Buhari, don ta haɗu da rufe iyakar Najeriya. Farin da ya kori mai shanu daga Kelle zuwa kudu shi ne ya janye ruwa daga gaban masuncin Baga da Wulgo.

Masunci kuwa ruwa yake bi. Ruwa ya ja baya da zango guda, ya kwance ragarsa ya bi shi. Inda ya tsaya ya kafa bukkar kara, ya haƙa ramin banda, ya shanya tarwaɗa da karfasa. Bayan shekara biyu laka ta bushe ta zama ƙasa mai albarka wadda ba ta neman taki, sai manomi ya biyo da irin masara da wake. Mai shayi ya zo, wanzami ya zo, malam ya zo da almajiransa, aka zagaye fili da kara aka ce masallaci. Sunan wanda ya fara sauka, ko abin da aka tarar a wurin, shi ke zama sunan gari. Hausawa da Barebari da Shuwa da wasunsu suka cika tumbunan, babu wanda ya nuna musu takarda, babu shingen da suka tsallake. A ganinsu ba su bar gida ba, bakin ruwa ne ya matsa.

Sai dai tun kafin ƙasar ta fito an riga an ja layi a kanta. Wannan shi ne abin da masuntan ba su sani ba, kuma babu yadda za a yi su sani. Bayan an ci Jamus a yaƙin duniya na farko, Ingila da Faransa suka raba Kamaru. Ranar 10 ga Yuli 1919 Milner da Simon, ministocin mulkin mallaka na ƙasashen biyu, suka sa hannu a kan bayanin iyakar. Gwamnoni biyu, Thomson na Najeriya da Marchand na Kamarun Faransa, suka ƙara tantance ta a 1929 da 1930, aka tabbatar da aikinsu da musayar wasiƙu ranar 9 ga Janairu 1931. A cikin tafkin babu dutse babu bishiyar da za a kafa shaida da ita, saboda haka da lissafin taswira aka yi: wani ɗigo a tsakiyar ruwa, daga nan layi miƙaƙƙe zuwa bakin kogin Ebeji, wanda ake kira El Beid, kogin da ya raba Gamboru da Fotokol. Shekara arba'in layin yana kwance a kan ruwa, kifi na wucewa ta ƙarƙashinsa, bai dami kowa ba. Da ruwan ya janye sai ya zama yana kwance a kan gonaki, kuma Darak da ƴan uwanta suna gabas da shi.

Wannan kaɗai bai warware maganar ba. Takardar Turawa ba Alƙur'ani ba ce, kuma Najeriya ba ta je kotu hannu rabbana ba. Hujjarta mai nauyi ce, kuma duk wanda ya taɓa zama a zauren sarki ana shari'ar gona zai gane ta nan take. A fiƙihun Malikiyya da ake hukunci da shi a ƙasarmu akwai hauzi: wanda ya riƙe gida ko fili shekara goma yana amfani da shi a matsayin nasa, mai iƙirarin yana nan, yana gani, babu abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to in ya tashi daga baya ba a sauraron ƙararsa. Shi ya sa mai gona a Kelle in ya ba da aro yake karɓar dami ko ɗaya ne duk kaka, ba don yana jin yunwa ba, sai don shaidu su gani. Shi ya sa kuma ba ya yarda mai aro ya dasa bishiya ko ya gina rijiya, ya san ranar da jikoki za su tsaya gaban alƙali bishiyar ce za ta yi magana. Lauyoyin Najeriya hauzi suka kawo da wani suna. Suka ce mutanenmu sun zauna, mun yi mulki a fili ba a ɓoye ba, ga takardun haraji, ga makarantu, ga allurar rigakafi, ga masu unguwanni da ke ƙarƙashin masarautar Borno, Kamaru kuma tana kallo ba ta ce uffan ba.

To ashe duk shari'ar ta rataya ne a kan abu guda: shin Kamaru ta yi shiru? A nan ne labarin ya juya, kuma juyin ya faro daga wani rikici da ba ruwan Kamaru a ciki. A 1983 sojojin Chadi da na Najeriya suka gwabza a kan wasu tsibiran tafkin, Muhammadu Buhari ne kwamandan rundunar Jos da ta kore su. Faɗan ya tsorata kowa. Akwai hukumar kula da tafkin da Diori Hamani, Tafawa Ɓalewa, Ahidjo da Tombalbaye suka kafa a Fort-Lamy ranar 22 ga Mayu 1964, sai aka kira taronta na gaggawa a Legas a watan Yuli na 1983, aka ɗora mata aikin fitar da iyakokin ƙasashen huɗu a cikin tafkin. Ƙwararrun ƙasashen suka zauna, har da namu na Nijar, suka yarda cewa tsofaffin takardun nan su ne madogara. Wakilan Najeriya suna wurin. Aka ɗauko masu awon ƙasa na hukumar taswirar Faransa, suka yi aiki daga 1988 zuwa 1990 suna kafa turakun iyaka a cikin laka da ciyawa.

Yanzu a ɗora shekarun biyu gefe da gefe. A daidai lokacin da wakilan Najeriya ke zaune a Njamena suna duba taswira tare da na Kamaru, a lokacin ne hukumomin Najeriya ke ƙara kafuwa a gabashin layin da ake awo. Kamaru ta ce tun 1987 sojojin Najeriya suka shiga ƙauyukan, jami'anta suka kasa komawa. Hannu ɗaya yana riƙe da alƙalamin sulhu, ɗayan yana ɗora tubali. Ban ce wani ne ya zauna a Legas ya tsara haka ba. Ya fi kama da yadda gwamnati ke bin mutanenta: inda suka taru sai an kai ɗan sanda, inda aka kai ɗan sanda sai an kai tuta. Amma da aka gama awon, aka kai rahoton gaban shugabanni a Abuja a watan Maris na 1994, sai ya bayyana cewa amincewa da shi na nufin barin Darak. Najeriya ba ta ɗauke shi a matsayin abin da ya ɗaure ta ba. Ranar 14 ga Afrilu 1994 ta rubuta wa Kamaru cewa Darak tata ce. Kwana bakwai tsakani, ranar 21 ga Afrilu, Kamaru ta mayar da martani a rubuce ta ƙi. A ranar 6 ga Yuni ta ƙara maganar tafkin a kan ƙarar Bakassi da ta riga ta shigar a watan Maris.

Da wannan kotu ta warware ƙullin ranar 10 ga Oktoba 2002. Ta yarda cewa Najeriya ta yi aikin mulki a ƙauyukan, ta yarda cewa abin da Kamaru ta yi a can kaɗan ne. Amma ta ce ƙasar da ke zaune a teburin awon iyaka, tana jiran a kafa mata turaku, ba za a ce ta sallama ba, kuma da aka furta mata iƙirarin a fili ba ta yi jinkirin ƙin sa ba. Ta ce shekaru kimanin 20 da ake magana a kansu sun yi kaɗan ƙwarai, ko da a ma'aunin da Najeriya ta kawo. Sannan ta koma ga ƙa'idar da aka kafa a shari'ar Mali da Burkina Faso a 1986: inda aikin da ake yi a ƙasa ya saɓa wa takardar mallaka, mai takardar ake fifitawa. Ƙa'idar tana da tushe a Afirka, domin shugabanninmu da kansu suka yanke a Alƙahira a 1964 cewa za a riƙe iyakokin da aka gada. Ana iya ƙin iyakokin, kuma akwai dalilin ƙin su, mu da layi ya raba da dangi a Daura da Nguru mun sani. Amma da kotu ta ce wanda ya fi yawan mutane da sojoji a wuri shi ke da shi, da babu ƙaramar ƙasar da za ta yi barci, Nijar kuma tana cikin na farko da za su farka.

Hukunci daban, cika shi daban. Kofi Annan ya haɗa Obasanjo da Paul Biya a Faransa tun kafin a yanke, ya sake haɗa su a Janiba ranar 15 ga Nuwamba 2002, aka kafa kwamitin haɗin gwiwa ƙarƙashin Ahmedou Ould-Abdallah na Muritaniya. Wanda ya jagoranci ɓangaren Najeriya shi ne Ajibola, mutumin da ya ƙi hukuncin yana kan kujerar alƙali, kuma ina ganin wannan abin a yaba masa ne. Da tafkin aka fara. A Disamba 2003 sojoji da ƴan sanda da ma'aikatan Najeriya suka fice daga ƙauyuka fiye da 30. Bakassi ta ɗauki lokaci, sai 14 ga Agusta 2008. Masuntan kuwa ba a ce su tashi ba, Kamaru ta yi alkawari gaban kotu cewa za ta kare ƴan Najeriya mazauna wurin. Kada a ɗauka abin ya zo musu da sauƙi. Mutumin da ya sare ciyawar wuri da hannunsa, ya binne mahaifinsa a can, ya wayi gari baƙo, jandarma na tambayarsa takardar zama da harshen da bai iya ba. Shi ne ya biya kuɗin layin da ba a shawarce shi a kai ba, da kuma tutar da aka kafa masa alhali masu kafawar sun san ana awo.

Akwai sauran tambaya ɗaya, kuma ita ce ta fi damuna. Wannan kotun dai, da wannan tunanin, ta yi magana sau biyu a kan matsugunan Yammacin Kogin Jordan: a Yuli 2004, da kuma 19 ga Yuli 2024, inda ta ce matsugunan da Isra'ila ke ginawa a ƙasar da ta mamaye tun 1967 haramtattu ne, a daina, a kwashe mazauna. Isra'ila na cewa ƙasar ta jayayya ce, ba ta mamaya ba, kotu ba ta karɓi wannan ba. Yarjejeniyar Janiba ta huɗu ta 1949 ta hana mai mamaya kai farar hularsa cikin ƙasar da ya mamaye. Falasɗinawa ba su taɓa yin shiru ba, duniya ma ba ta yi ba. Kwamitin Sulhu ya yi tir a ƙuduri na 446 a 1979. A Fabrairu 2011 ƙasashe 14 suka goyi bayan wani ƙudurin, Najeriya na cikinsu, Amurka ta hau kujerar naƙi. Ranar 23 ga Disamba 2016 ƙuduri na 2334 ya wuce da ƙuri'a 14, Amurka ta ƙaurace, bayan Masar ta janye daftarinta, Senegal da Malesiya da Benezuwela da Niyu Zilan suka ɗauka. Isra'ila ta janye jakadanta daga Dakar ta soke tallafin da take ba Senegal. Nijar ma ta yanke hulɗa da Isra'ila a Afrilu 2002. Ga doka, ga ƙin yarda a rubuce, duk abin da ya ceci Kamaru yana nan. Me ya sa a can ginin bai tsaya ba?

Lissafin ya nuna inda za a duba. Lokacin da aka sa hannu a yarjejeniyar Oslo a 1993, ƴan kama-wuri-zauna a Yammacin Kogin Jordan kimanin 110,000 ne, ban da Gabashin Ƙudus. Zuwa 2000, ana tsakiyar tattaunawa, sun kusa 200,000. Yau sun haura 500,000, ga wasu fiye da 200,000 a Gabashin Ƙudus. Yarjejeniyar Oslo ta biyu ta 1995 ta ce kada wani ɓangare ya sauya matsayin yankin kafin a kammala, amma ba ta ambaci hana gini da sunansa ba, ta kuma bar fiye da kashi 60 cikin ɗari na ƙasar a hannun Isra'ila har sai an gama magana. Wanda ƙasa ke hannunsa har a gama magana, ba shi da gaggawar a gama. A Maris 2010 Joe Biden, yana mataimakin shugaban Amurka, ya je farfaɗo da sulhu, yana ƙasar aka sanar da gidaje 1,600 a Ramat Shlomo. Dakatarwar gini ta wata goma da firaminista Netanyahu ya yi ta ƙare ranar 26 ga Satumba 2010, tattaunawar da aka buɗe a farkon watan ta mutu da ita.

Bambanci da Darak ya fito ta wurare biyu, kuma suna da alaƙa. Najeriya ta riga ta miƙa wuya ga hurumin kotun tun 1965, Kamaru ta yi haka a Maris 1994, saboda haka abin da aka yanke hukunci ne mai ɗaure ɓangarorin biyu. Isra'ila ta janye irin wannan amincewa a 1985, abin da kotu ta bayar a kanta shawara ce ga Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ƙofar tilastawa tana Kwamitin Sulhu inda Amurka ke da kujerar naƙi. Ɗaya bambancin yana cikin ginin kansa. A tafkin fari ne ya kai mutane, gwamnati ta biyo baya, abin da aka gina kuma ana iya miƙa shi da mabuɗinsa: aji huɗu, caji ofis, rumfunan kasuwa. Mazauna sun iya zama ƙarƙashin sabuwar tuta, ko da da ɗaci. A Yammacin Kogin Jordan gwamnati ce ke gaba: ita ke ƙwace filin, ta tsara unguwa, ta shimfiɗa hanyar da ta kewaye ƙauyukan Falasɗinawa, ta sauƙaƙa kuɗin gida, ta ajiye soja a ƙofa, mazauna kuma suna jefa ƙuri'a a zaɓen da ke naɗa gwamnatin. Ba a gina su don a zauna ƙarƙashin wata tuta ba. Isra'ila ta taɓa kwashe mutanenta, daga Yamit a Sina'i a 1982, da kimanin 8,000 daga Gaza a 2005, kuma ko waɗannan ƴan dubban sai da ƙasar ta girgiza. Kowane sabon gida yana ƙara tsadar janyewa, har ta kai inda babu firaministan da zai iya biya.

Masu ginin ma ba sa ɓoye wannan. A Agusta 2025 aka ba da izinin ƙarshe na gina gidaje kimanin 3,400 a filin da ake kira E1, tsakanin Gabashin Ƙudus da matsugunin Ma'ale Adumim, filin da matsin lambar Amurka da Turai ya hana a taɓa shekara da shekaru, domin ginin zai kusan raba arewacin Yammacin Kogin Jordan da kudancinsa. Ministan kuɗi Bezalel Smotrich, wanda ya tura shirin, ya faɗa wa ƴan jarida da bakinsa cewa manufar ita ce a binne maganar kafa ƙasar Falasɗinu.